Jirgin ruwa zai tsaya a Tunis: Alhaji zai iya zuwa Ƙairawan ya dawo?

Wata Hajiya daga Aboabo a Kumasi ce ta aiko da wannan tambaya. 'Yarta da ke zaune a Italiya tana so ta kai ta, ita da maigidanta, yawon mako ɗaya a babban jirgin ruwa na shaƙatawa. Jirgin zai tashi daga Genoa, ya tsaya a tashar Rum, da Palermo, da Tunis, da Barcelona, da Marseille, sannan ya koma Genoa. Tana son sanin ko ana sauka a ga garuruwan, ko dole sai an biya kuɗin yawon da kamfanin jirgin yake shiryawa, da yadda za a yi da salla da abinci. Alhaji yana fama da ciwon gwiwa, kuma tun da ya ji an ambaci Tunis ya ɗora ransa a kan zuwa Ƙairawan, tsohon garin malamai na ƙasar Tunisiya.

Hajiya, barka da warhaka, a gaishe min da Alhaji da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Sana'ata tarbar baƙin da irin waɗannan jirage suke saukewa a Tema, da shirya wa mutanenmu tafiya, saboda haka zan faɗa miki abin yadda muke ganinsa daga bakin tasha.

Ana sauka, kuma saukar kanta ba a biyan ko pesewa. Za a ba kowannenku kati, shi ne makullin ɗaki, shi ne kuɗin sayayya a cikin jirgi, shi kuma ake ɗorawa a na'ura a ƙofa duk lokacin fita da shiga, don a san wanda ke ciki da wanda ke waje. Abin da takardar talla ba ta nuna wa mutum shi ne ƙarancin lokacin. Jirgi yakan iso wajen ƙarfe 7 ko 8 na safe, ya tashi wajen 5 ko 6 na yamma, dare kuma tafiya ake yi. Dole kowa ya dawo rabin awa kafin tashi. Da safe sai jami'an tasha sun ba da izini, sannan mutum dubu uku ko huɗu su bi layin fita. Awa tara da ke rubuce ta koma bakwai da rabi, kuma ba a cire tafiyar hanya ba tukuna.

A nan gida kullum muna ganin wannan. Takardar baƙo tana cewa Accra, jirginsa kuwa a Tema yake tsayawa, kusan kilomita 30 daga tsakiyar gari. Kafin bas ta fita daga harabar tasha, ta hau babbar hanya, ta kutsa cunkoson Tetteh Quarshie, awa guda ta wuce, wata rana fiye. Abin da yake samu shi ne makwancin Kwame Nkrumah, da Jamestown, da ɗan leƙen kasuwar Makola ko babban masallacin Kanda. Wasu suna zuwa da burin ganin fadar Manhyia ta sarkin Asante a Kumasi. Kin fi ni sanin hanyar Kumasi, kilomita wajen 250 ce, ba a zuwa a dawo tsakanin hantsi da la'asar. Ko Elmina ma, wanda jirginsa ya tsaya a Takoradi shi ke ganinta a tsanake. Baƙon da ya fi komawa jirgi da farin ciki shi ne wanda ya zaɓi wuri ɗaya ya zauna da shi. Shawarar da zan ba ku ke nan a kowace tasha: ki sa 'yarki ta turo miki takardar da ke nuna lokacin isowa da lokacin tashi, ku cire tafiyar zuwa da dawowa, ku ware awa ɗaya ta ko-ta-kwana, abin da ya rage ku ba wa abu ɗaya da ransa ko ranki yake so.

To, batun Ƙairawan. Na fahimci abin da ke ran Alhaji sarai. Duk wanda ya durƙusa gaban malami a zaure ya karanta Risala ya san sunan garin tun yana yaro, domin mai littafin, Ibn Abi Zaid, mutumin can ne, a can ya rasu a shekarar 996. A can kabarin Imam Sahnun yake, ga kuma masallacin Uƙba bin Nafi'u, wanda ya kafa garin a 670. Buri ne mai kyau ƙwarai, ba na son in kashe masa gwiwa. Amma ga lissafin. Jirgi yana tsayawa a La Goulette, bakin teku a gefen birnin Tunis. Daga nan zuwa Ƙairawan kilomita 160 ne da 'yan kai, awa biyu da wani abu a mota idan hanya ta yi kyau. Zuwa da dawowa sun cinye kusan awa biyar. A cire ta ko-ta-kwana, saura awa ɗaya da rabi, a ciki za a yi alwala, a yi salla, a ci abinci, a taka daga mota zuwa masallaci da gwiwa mai ciwo. Taya ɗaya ta fashe a hanyar dawowa, lissafin ya rushe.

Ga yadda nake gani. Idan kamfanin jirgin da kansa yana sayar da yawon Ƙairawan a wannan rana, ku saya ko da ya yi tsada, domin jirgi yana jiran motocin da shi ya tura, in kuma jiran ya gagara, kai ku tasha ta gaba a wuyan kamfanin yake. Idan ba ya sayarwa, kada Alhaji ya ɗauki tasi daga bakin tasha, ko direban ya rantse masa zai dawo da shi kan lokaci. Wanda ya fita da ƙafarsa, jirgi ba ya jiransa. Lokacin tsayuwa a tasha saye ake yi, matuƙin tasha da zai fitar da jirgin yana da nasa jadawalin, ga kuma dogon teku zuwa Barcelona a gaba.

Kuma ba hannu rabbana zai dawo ba idan ya tsaya a Tunis. Tsohon birnin bai wuce tafiyar minti 20 ko 30 daga tasha ba. A tsakiyarsa masallacin Zaituna yake, wanda ya haura shekara dubu da ɗari biyu ana karantar da fiƙihun Malikiyya a inuwarsa. Ibn Arafa ya yi limanci a nan, Ibn Khaldun kuma a wannan birni aka haife shi a 1332. Akwai abin da nake so ki faɗa wa Alhaji musamman. Masu sharhin Risala suna cewa wani malamin yara na Tunis, Muhriz bin Khalaf, shi ya roƙi Ibn Abi Zaid ya rubuta littafin don a koyar da yara. Mutanen garin suna kiransa Sidi Mahrez, ya rasu a 1022, kuma hubbarensa yana nan cikin tsohon birnin, wajen Bab Souika. Wanda ya yi Azahar a Zaituna ya ziyarci wannan bawan Allah ya taɓa tarihin littafin da hannunsa. Ke kuma Hajiya, jikin bangon masallacin kasuwar masu turare take, kusa da ita kuma layin masu yin jar dara, irin wadda tun da can ake kawowa ƙasashenmu. Ana ciniki sosai, kada ki biya kuɗin farko da aka faɗa. Kada ku canza Yuro da yawa, domin dokar ƙasar ta hana fita da dinarinsu. Ƙairawan kuma a ware mata tafiyarta daban, da kwana biyu ko uku, daga Rum jirgin sama awa ɗaya da 'yan mintoci ne zuwa Tunis.

A ranar Tunis ɗin akwai tarkon da nake so ki riƙe da kyau, wato agogo. Tunisiya tana gaban Ghana da awa ɗaya duk shekara. Italiya da Faransa da Sifaniya suna gabanmu da awa ɗaya a lokacin sanyi, amma daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba awa biyu ne. Ke nan a watannin zafi Tunis tana bayan Italiya da awa guda. Wani kyaftin yana juya agogon jirgi ya bi na gari, wani yana barinsa a na Italiya. Wayarki kuwa da ta kama layin Tunisiya za ta juya kanta ba tare da ta tambaye ki ba. Sai ta nuna 4 saura kwata kina zaɓen turare hankali kwance, alhali a jirgi 5 saura kwata ce, an janye matakala. Kowannenku ya ɗaura agogon hannu, ya saita shi da allon da ke ƙofar fita, inda ake rubuta lokacin dawowa. Kowane dare kuma ana ba da jadawalin gobe, a takarda ko a manhajar kamfanin, da lambar wakilin jirgin a wannan tasha. Ku rubuta lambar ku sa a aljihu. Idan an makara, Allah ya kiyaye, shi ake kira, kuma a hannunsa ma'aikata suke barin fasfon wanda jirgi ya tafi ya bari. Bature da ya makara tikiti kawai zai saya ya bi jirgin. Mai fasfon Ghana yana da maganar takardu a kan ta tikitin, shi ya sa a Tunis na fi son ku bi motar kamfanin ko da cikin gari za ku tsaya.

Wannan ya kawo mu biza, wadda a gaskiya ita za a fara. Italiya da Sifaniya da Faransa duk biza ɗaya ce, ta Shengen. Amma da jirgi ya bar Palermo ya shiga Tunis, kun fita daga Shengen, ko kun sauka ko kuna kwance a ɗaki. Isa Barcelona shiga ce ta biyu. Idan bizar shiga sau ɗaya aka buga muku, tun a Genoa za a hana ku hawa, kuma ba a mayar da kuɗi. Ku nemi ta shiga sau da yawa, ku haɗa takardar jirgin da ke nuna tashoshin a cikin takardun nema don jami'in ya ga dalili. Ta ofishin jakadancin Italiya a Accra za ku nema, tunda a can za ku fi daɗewa. Kuɗin biza Yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, ana buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, kuma ana iya nema tun wata shida kafin tafiya, don haka kada ku jira. Ku tabbata inshorar ta haɗa da jinya a cikin jirgi, domin likitan jirgi kuɗi yake karɓa, masu yawa kuwa. Fasfo ya kasance da sauran wata shida bayan ranar dawowa. Shiga Tunisiya kuma, 'yarki ta sa kamfanin ya rubuto mata abin da ake bukata daga mai fasfon Ghana, a rubuce, ba a waya ba. Ita kanta ta duba katin zamanta. Idan yana wurin sabuntawa, rasit kawai ke hannunta, wannan rasit ba ya ba ta damar ratsa Sifaniya da Faransa. Kada a biya kuɗin jirgi gaba ɗaya sai biza ta fito, a fara da kafin alƙalamin da ake iya karɓa a mayar.

Palermo ita ce tashar da nake ganin za ta fi ba ku mamaki, kuma ba kwa bukatar motar kamfani, domin jirgi a bakin gari yake tsayawa. Tasi na 'yan mintoci ya kai ku tsakiya. Tsibirin Sisili ya yi fiye da shekara 200 a hannun Musulmi. Rundunar da ta ƙetaro a 827 alƙalin Ƙairawan ne ya jagorance ta, Asad bin Furat, wanda ya yi karatu a gaban Imam Malik da kansa. Palermo ta shiga hannunsu a 831, ta fita a 1072. Babbar majami'ar garin an gina ta ne a inda masallacin Juma'a yake a da, kuma har yau a ɗaya daga ginshiƙan ƙofar shiga akwai ayar Alƙur'ani a sassaƙe, Alhaji zai karanta ta da idonsa. A wannan gari ne kuma Al-Idrisi ya kammala taswirarsa ta duniya a 1154. Daga majami'ar zuwa kasuwar Ballarò ba nisa, kuma a nan za ki ji Twi a bakin 'yan kasuwa, don 'yan Ghana da yawa suna zaune a unguwar. Akwai mahautan halal da wuraren cin abinci na Musulmi.

Rum ce mai wahalar. Sunan tashar Civitavecchia, kusan kilomita 80 daga birnin. Wanda zai je da kansa sai ya hau bas daga jirgi zuwa ƙofar tasha, ya hau wata zuwa tashar jirgin ƙasa, ya yi awa ɗaya da wani abu a jirgin ƙasan, sannan ya fara yawo a titunan duwatsu masu wahalar taku. Ga mai ciwon gwiwa wannan azaba ce. Tunda 'yarku a Italiya take, ni da zan zaɓa, sai in ce ku bar Rum zuwa bayan an sauka daga jirgi, ku je ku kwana biyu, ku ga Colosseum, tsohon filin wasan Rumawa da aka kammala a shekara ta 80 miladiyya, ku yi Juma'a a babban masallacin birnin da aka buɗe a 1995. Ranar Civitavecchia kuma ku huta a jirgi. Kusan kowa ya fita, babu layin abinci, babu hayaniya, gwiwa ta samu hutu kafin Palermo da Tunis. Idan dai sai an je, a ɗauki yawon kamfani irin wanda ake zagayawa a bas ana sauka sau ɗaya ko biyu. Kowane yawo ana rubuta yawan takun da ke cikinsa, ku karanta kafin ku biya.

Barcelona da Marseille masu sauƙi ne. A Barcelona bas tana ɗauka daga bakin jirgi zuwa gindin titin La Rambla, daga nan ku hau bas mai hawa biyu da ke zagaya gari, ku ga majami'ar Sagrada Família da aka fara ginawa a 1882. Shiga cikinta sai da tikitin da aka saya ta intanet tun kafin ranar. 'Yan sane sun yi yawa a La Rambla da jirgin ƙarƙashin ƙasa, jaka ta kasance a gaba ƙarƙashin mayafi, gwal kuma a bar shi a akwatin ƙarfe na ɗaki. Unguwar Raval da ke gefen titin cike take da gidajen abincin halal. A Marseille tashar tana nesa da tsohon bakin ruwa da kusan kilomita 8, akwai bas. Kasuwar Noailles ta Larabawan Magrib da 'yan Afirka ce, ki sayi sabulun garin da ya yi suna. Ku sani kuma iska mai ƙarfi takan hana jirgi shiga Marseille, kuma yarjejeniyar tikiti ta ba kyaftin ikon tsallake kowace tasha saboda yanayi ko tsaro. Wannan ma dalili ne na kada a zuba kuɗi da yawa a yawon waje da ba a mayar da kuɗinsa.

Saboda gwiwar Alhaji, a nemi ɗaki kusa da lif tun wajen sayen tikiti. Waɗannan jirage suna kai mita 300 a tsawo, daga ɗaki zuwa ƙofar fita kaɗai tafiya ce. Abin farin ciki, a duk tashoshin nan jirgi yana jingina da gaɓa ne, ba sai an sauka cikin ƙananan kwale-kwale ba kamar yadda ake yi a Santorini ta Girka. Magungunansa su kasance a jakar hannu cikin kwalayensu na asali, domin manyan akwatuna sukan yi awoyi kafin su iso ɗaki a ranar farko.

Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli Alhaji ya fi ni sani, ni abin da ya shafi hanya zan faɗa. Daga Kumasi alƙibla gabas ce mai karkata arewa, daga waɗannan garuruwa kuwa gabas ce mai karkata kudu. Ƙarfen jirgi yana rikita alƙiblar waya, amma talabijin ɗin ɗaki yana da tashar da ke nuna taswira da inda jirgi ya dosa, da ita ake gane gabas. Lokutan ma za su zo muku baƙi. A Barcelona cikin watan Yuni Azahar sai wajen 2 saura, La'asar kusan 6, Magariba bayan 9 na dare. Wato yawancin ranaku Azahar ce kawai za ta same ku a gari. Ku fita da alwala, da 'yar darduma mai naɗewa, da tsabar Yuro, domin bayin jama'a a Turai da yawa biya ake yi. Ki sa butar roba a akwati, ba za ki same ta a jirgi ba.

Abinci yana cikin kuɗin tikiti, safe, rana, dare. A sanar da kamfani tun wajen saye cewa ku Musulmi ne, a tambaya ko suna da naman halal. In babu, kifi da ƙwai da shinkafa da ganye da 'ya'yan itace sun wadata. Girkin Italiya yana ɓoye naman alade a cikin taliya da miya da siraran yankan nama na sanyi, wasu miyoyin kuma da giya ake dafa su, don haka ki tambayi mai kawo abinci kai tsaye, sun saba da tambayar. Kada ki ɗauko kilishi ko wagashi daga gida, Tarayyar Turai ta hana shigo da nama da kayan madara a kayan matafiyi, za a ƙwace a filin jirgi. Garin yajinki dai ki riƙe. Waya kuma, da jirgi ya bar gaɓa a kashe layinta, domin a tsakiyar teku layin tauraron ɗan adam take kamawa, kuɗinsa ba kaɗan ba ne. MoMo, wato kuɗin waya, ba ya aiki a can, Yuro a hannu da katin banki za su yi.

Idan ba a riga an tsayar da rana ba, ku zaɓi Afrilu, Mayu ko Oktoba. Yuli da Agusta zafin Tunis da Palermo yakan haura digiri 35, ga cunkoson masu hutu, ga tsada. Ku kuma duba ranar mako da kowace tasha ta faɗa. Lahadi kasuwar Boqueria ta Barcelona a rufe take, shaguna da yawa ma haka. Jiragen da ke wannan zagaye suna maimaita shi ne mako-mako, kowace tasha da ranarta, saboda haka 'yarki ta gwada jadawalin jirage biyu ko uku. Idan ta samu wanda ranar Tunis ɗinsa ta faɗa Juma'a, kuma ba ya tashi kafin 5 na yamma, shi za ta ɗauka, Alhaji ya yi Juma'a a Zaituna. Sai dai ku gama sayayya kafin Azahar, don shagunan kewayen masallacin da yawa suna rufewa lokacin salla, kuma ku sanar da jagoran motar tun da safe don a tsayar da wurin haɗuwa da lokacinsa.